Shekarar da Na Sa Aka Rufe Rijiyar Gidanmu

Da sunan Allah nake shiga wannan babi, kuma shi ne wanda na fi daɗewa ina kewaye shi. Na rubuta muku yarintata a Argungu, na rubuta aurena da babanku, hannuna bai yi rawa ba. Wannan kuwa sau uku ina farawa ina yagewa. Kun tashi kuna jin ana cewa uwarku ce ta sa aka rufe rijiyar ƙofar gidan Malam, kakanku. Kai Aminu har dambe ka yi a kan maganar kana ɗan shekara goma, ka dawo da haɓo kana rantsuwa wai sharri ake yi mini. To ba sharri ba ne, ni na sa. Abin da ba ku sani ba shi ne da ƙarya na sa aka rufe ta, ƙaryar da na yi wa mahaifina ido cikin ido don kada Inna, mahaifiyata, ta san abin da ya fito daga hannunta. Yanzu su biyun duk suna ƙasa, Allah ya jiƙansu, ni ma jikin ya fara ba ni sanarwa. Ke Husaina, 'yar ƙanena, ki fi kowa kasa kunne, don a kanki abin ya faru.

A lokacin ina aiki a ɗakin gwajin ruwa a Birnin Kebbi. Ku da kuke yi mini tsiya wai aikina wanke kwalabe ne, yau ku ji abin da nake yi. Idan gishiri ko kanwa ko taki ya narke a ruwa, ba ɓacewa yake yi ba, rarrabuwa yake yi zuwa wasu ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, waɗanda muke kira ayon. Aikina in faɗi nawa ne na kowane iri a cikin lita ɗaya. Akwai wani da ake kira naitiret, daga takin zamani da shadda yake fitowa, ya bi ƙasa ya shiga rijiya. Ba shi da launi, ba shi da wari, harshe ba ya jin sa. Babba zai shekara goma yana sha lafiya lau, amma jariri in ya sha da yawa sai jininsa ya kasa ɗaukar iska. Yadda muke kama shi, sai a ɗiga wa ruwan wani magani ya rine ja-ja, iya yawansa iya jan. Sai a sa a na'ura mai auna launi, a gwada da wasu kwalabe da muka haɗa da hannunmu muka san adadin da ke cikin kowace. Ƙa'idar da muke aiki da ita, ruwan sha kada ya wuce miligiram hamsin a lita.

Rijiyar kuwa mahaifin Malam ne ya gina ta sadaka a ƙofar gida, tun unguwar ba ta fi gida bakwai ba. Kafin a haife ku unguwa ta cika maƙil, kowane gida da shaddarsa, ga lambunan albasa a bayanmu ana ta zuba musu taki. Amma ruwan rijiyar garau yake, sanyi ƙalau, kowa daga nan yake sha. Malam yana ji da ita fiye da ɗakin littattafansa. Duk gugan da aka jawo, a wurinsa lada ne ake kai wa mahaifinsa a kabari.

Ita kuwa Inna, kun san ta, 'yar ƙaramar mace mai ƙwazon tsiya. In ka ce ta share ɗaki sai ta kusa cire daɓen. Abin da ba ku sani ba, 'ya'ya uku ta binne suna jarirai kafin a haife ni, kuma har ta tsufa tana lissafa abin da take gani ta yi ba daidai ba a kan kowanne. Wannan da ta yi masa wanka da wuri, wancan da ba ta fita da shi ba. Bayan na ukun an ce wata shida ta yi ba ta magana da kowa, sai da aka yi ta yi mata rubutu. Na girma ina jin wannan labarin daga bakin gwaggonina, kuma ban taɓa mantawa ba.

A farkon bazarar wannan shekarar, Rabi, matar ƙanena Umaru, ta haifi tagwaye, Hassana da Husaina. Rabi mutuniyar Augie ce, uwarta ta daɗe da rasuwa, don haka Inna ce ta karɓi jego. Kwana uku da haihuwa zazzaɓi ya kayar da Rabi, nono ya ja baya, ga baki biyu. Ni da na yi boko, ni na sayo madarar gwangwani daga Birnin Kebbi, ni na tsaya a tsakar gida ina koya wa Inna da ɗaga yatsa kamar wata malamar asibiti.

"Inna, ruwan nan a tahwasa shi ƙwarai. Kada ki haɗa musu da wanda bai sha wuta ba."

"Awa yaya ƙwarai?" in ji ta.

"Iya ƙoƙarinki. Iya daɗewa tai bisa wuta, iya kyawo nai."

Wannan maganar ta bakina ita ce farkon masifar, kuma na faɗe ta ina murmushi. Inna ta ware wata ƙaramar tukunya sabuwa, ta kafa ta a gefen murhun ruwan wankan jego, wutar da ba ta mutuwa tun asuba har isha'i. Ruwan yara ke nan, ba mai taɓawa sai ita. Ta ɗebi rabin kofi ta haɗa madara, sauran ya yi ta ɓararraka. In ya ƙone ya yi ƙasa sai ta ƙara daga tulu, ba ta taɓa zubar da na ciki ba, don a ganinta shi ne ya fi dahuwa.

Ranar da suka cika kwana ashirin da uku Hassana ta rasu. An ce ta yi lakwas da hantsi, ta ƙi tsotso, leɓenta ya yi duhu, kafin azahar babu ita. Na zo gaisuwa, muka ce Allah ya sa mai ceto ce. Kwana biyu bayan nan ina zaune a ɗakin Rabi na ɗauki Husaina, na ga leɓenta da faratanta sun yi wani toka-toka mai shuɗi, numfashinta sama-sama kamar na ɗan tsako. Ban tsaya neman izinin kowa ba, na ƙwala wa Umaru kira na ce ya nemo mota yanzu-yanzu. Hanyar Argungu zuwa Birnin Kebbi na bi ta ba adadi, amma ban taɓa jin tsawonta irin na ranar ba. Ina riƙe da ke a cinyata, Husaina, ina sa kunne a ƙirjinki duk bayan ɗan lokaci, Rabi tana gefe tana salati ba hawaye.

Likitan da ya karɓe mu ya ja jininki ya ɗaga sirinjin ya duba a haske. Jinin ba ja ba ne, ya yi launin ruwan shayi da ya daɗe a wuta. Ya yi miki wata allura mai shuɗi, cikin sa'a guda leɓenki ya dawo leɓen mutane, kika canyara kuka, Umaru ya zube a ƙasa ya yi sujada a baranda. Likitan ya ja ni gefe, don ya ji an ce aikin ruwa nake yi.

"Hajiya, ta tsira yau. Amma in ta koma ta sha abin da take sha, za ku dawo da ita, kuma ba kullum ake isowa da wuri ba. Ki auna mini ruwan gidan. Ba na rijiya kaɗai ba, har wanda yake shiga bakinta."

Washegari na koma Argungu da kwalabe biyu. Ta farko na cika da kaina a bakin rijiya. Ta biyu Inna ce ta karɓa ta cika mini daga tukunyarta, tana hura shi don kada ya fasa kwalbar. Na leƙa cikin tukunyar na ga wani farin abu ya kama gefenta kamar kanwa, ban kawo komai a raina ba.

"Wanga dai ba ki samun komi cikinai," in ji Inna tana miƙo mini. "Tun ran da kic ce, bai sauka bisa wuta ba."

A ɗakin gwaji na fara da na rijiya. Ya rine kaɗan, na'ura ta ba ni arba'in da huɗu. Ya yi yawa, ya kusa kan iyaka, amma bai ƙetare ba. Na ce a raina to ba shi ba ne, sai dai a nemi wani dalili. Na ɗiga maganin a na tukunya ina ma duban taga. Da na waiwayo ruwan ya yi jawur, ya fi kwalbarmu mafi duhu, na'ura ta kasa karantawa. Na ce kai, na dai yi kuskure, ko kwalba ba ta wanku ba. Na sake, haka. Sai na yi abin da ake yi wa ruwan da ya fi ƙarfin na'ura, na ɗebi kashi ɗaya na ƙara masa kashi huɗu na tataccen ruwa wanda babu komai cikinsa, ya zama an sirka shi sau biyar. Na'ura ta ce talatin da takwas. Talatin da takwas sau biyar, ɗari da casa'in. Lissafin da ɗan aji uku zai yi, amma sau huɗu na yi shi a bayan takarda ina fata ya canza.

Shugaban ɗakinmu wani dattijo ne, Malam Bawa, mutum mai ƙarancin magana. Ya ga na yi tsaye kamar an dasa ni, ya zo ya duba lambobin, ya tambaye ni daga ina kwalba ta biyu ta fito. Na gaya masa yadda tukunyar take. Sai ya auni kofi huɗu na ragowar ruwan rijiyar ya ɗora a wuta, muka tsaya muna kallo har ya ƙone ya koma kofi ɗaya. Muka auna, ɗari da saba'in da 'yan kai.

"Kin gani," ya ce. "Wuta tana kashe ƙwayar cuta, amma wannan ba rai ne da shi ba. Ruwa ya tashi ya bar shi a ƙasa. A ƙara ruwa, ya sake tashi ya bar nasa. Wa ke kula da tukunyar?"

Na ce mahaifiyata ce.

"Wa ya ce mata ta yi haka?"

Na ce ni ce. Wallahi abin da na koya tun shekarar farko a makaranta ne, na rubuta shi a jarrabawa na ci. Ban taɓa haɗa shi da murhun gidanmu ba. Na zauna a ƙasa a wurin na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar rasuwar Hassana. Malam Bawa ya bari na gama, sannan ya turo mini takardar sakamako ya ce in rubuta duka biyun yadda suke, kowace lamba a gaban sunanta. Na rubuta, ya sa hannu, na kai wa likita. Takardar gaskiya ce, kuma kwafinta yana nan cikin akwatina ga mai son gani. A gida na yi ƙaryar, da bakina.

Bayan la'asar na isa Argungu. Malam ya sa aka shimfiɗa masa buzu a tsakar gida, Umaru ya durƙusa a gefe. Inna tana tsaye a ƙofar madafa da ludayi a hannu, ta ƙura mini ido. Duk hanya na shirya yadda zan faɗa, a hankali, in ɗora laifin a kaina. Amma ina ɗaga kai na ga fuskarta, na san ko na rantse da me ba za ta ji ni ba. Abin da za ta ji kawai shi ne ita ta haɗa, ita ta ɗura. Na tuna wata shidan nan na shiru, alhali a lokacin tana da ƙuruciya. Yanzu kuwa ta haura sittin da hawan jini.

"Hauwa'u, mi kig gani?" in ji Malam. Shi kaɗai ke kirana da cikakken sunana.

Na ce, "Baba, ruwa na. Akwai abu cikinai mai cutar da jarirai."

"Launi nai ya sake?"

"A'a."

"Ɗanɗano nai hwa? Ko wari?"

"Babu wanda yas sake, Baba."

"To ni abin da nik karanta, kuma nike karantarwa shekara arba'in, ruwan da ukun ga ba su sake ba mai tsarki na, mai tsarkakewa."

Na ce masa haka ne, mai tsarki ne, alwala da shi ta yi, wanka ya yi. Amma tsarki daban, lafiyar cikin jariri daban. Na yi masa bayanin ayon da takin lambu da shadda iya iyawata. Malam ba mai gardamar banza ba ne, ya saurara har ƙarshe yana jan gemu. Sai ya tambaye ni iyakar da bai kamata a wuce ba, na ce hamsin. Ya ce nawa na samu.

"Ɗari da casa'in."

"Cikin rijiyata?"

Na ji Inna ta motsa a ƙofar madafa. Na ce, "I, Baba. Cikin rijiya."

"Wanda nit tahwasa hwa, Kulu?" in ji Inna.

"Naki ya hi sauƙi, Inna. Sai dai wuta ba ta iya hidda shi duka."

Ta sauke numfashi ta jingina da bango. A raina na ce shi ke nan, na jefa laifin a rami, rijiya ba ta da zuciyar da za ta karye. Abin da na tsara shi ne a bar ta don wanka da wanki da alwala, a hana ba jarirai kawai. Na faɗa wa Malam haka. Ya girgiza kai.

"In tsaya bakinta kullum ina tambayar kowace mace mi za ta yi da guganta? In wata ta manta hwa? Rai guda ya isa."

Da safe ya kira magini. Aka jera itace a bakin rijiyar aka zuba siminti, Malam yana tsaye da sandarsa yana kallo. Matan unguwa suka taru da tulunansu suna kallo. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta dube ni sama da ƙasa ta ce ita shekara hamsin tana shan ruwan nan, ta yaye 'ya'ya tara a kansa, sai yau 'yar boko ta zo da kwalba ta kashe musu rijiya. Daga ranar suka koma tafiya har bayan makarantar firamare suna bin layin famfo cikin zafin bazara. Na ji zagi, na ji habaici a gidan biki, ban damu ba sosai. Na ɗauke tukunyar Inna na ce zan ƙara gwaji, ban mayar ba. Rabi da Husaina na riƙe su a gidana a Birnin Kebbi, ruwan da za ki sha kuwa, Husaina, sai na auna shi da hannuna. Na ɗauka abin ya ƙare a nan.

Bayan mako guda Umaru ya zo mini ofis fuskarsa a murtuke.

"Yaya Kulu, Baba ya ɗauki azumi. Wata biyu a jere. Ya ce kaffara ta."

"Kaffarar mi?"

"Ta Hassana. Ya ce rijiya tashi ta, kisan kuskure na, bisa wuya nai yake. Har ya kira ni ya ce in yahe mai."

Na ji kamar an kwara mini ruwan zafi. Mutum ya haura saba'in, a tsakiyar bazarar Argungu, lokacin da ko saurayi ke neman inuwa tun hantsi. Abokansa malamai sun je sun same shi, suka ce kaffara ba ta hau kansa ba, ba don cuta aka gina ta ba, shi kuma bai sani ba. Ya ce ya ji, amma shi ya fi son ya haɗu da Allah ya yi abin da ba a ɗora masa ba, da ya haɗu da shi ya bar abin da aka ɗora masa. Kun san Malam in ya kafe. Na je na roƙe shi da kuka, ya ce in tashi in ba shi wuri, ni da na kawo masa ilimi kada in dawo in kawo masa rauni.

Waɗannan kwanakin ban san yadda na yi su ba. Kowace Juma'a ina Argungu, kowace Juma'a ya ƙara zabgewa. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa, muryarsa a zaure ta koma ciki har ɗalibai na matsowa kusa. Ni kuwa in zauna a ofis in buɗe littafin sakamako in kalli arba'in da huɗun nan. Kalma ɗaya daga bakina za ta sa ya sha ruwa, har ma a fasa simintin. Kalmar kuma ita za ta ɗauke kayan daga kansa ta ɗora wa Inna. Na yi ta juya abin ina neman hanyar da zan gaya masa shi kaɗai, amma na san mahaifina. Ba zai bar unguwa tana wahalar ruwa a kan ƙarya ba, zai buɗe rijiyar, kuma zai faɗi dalili a masallaci. Kafin magariba maganar ta shigo madafa. Babanku ya yi ta tambayata abin da ke cin raina, na ce masa aiki ne. Shi ma har ya koma ga Allah bai sani ba.

Ranar azumi na arba'in da ɗaya aka aiko cewa Malam ya faɗi a zaure yana cikin karatu. Na bar kwalabe a kan tebur na kama mota. Na same shi kwance a kan tabarma ana yi masa fifita, leɓensa ya tsattsage, idonsa ya faɗa. Umaru ya durƙusa da kofi yana roƙonsa, yana cewa ai rashin lafiya uzuri ne, ko a littafin da ya koya musu haka yake. Malam ya kawar da kai ya ce saura sa'a uku rana ta faɗi. A nan na yanke shawara. Na ce wallahi ba zan kashe ubana da ƙarya ba, yau zan faɗa. Amma Inna ta fara ji daga bakina, kada ta tsinta a bakin wani.

Na same ta a madafa tana dama masa kunun buɗa-baki. Na durƙusa kusa da ita, na ce Inna akwai maganar da nake so mu yi a kan ruwan nan. Ba ta ɗago ba, tana ta juya muciya.

"Ni ma ina son in hwaɗa miki wani abu, Kulu," ta ce. "Kin san ran da yarinyag ga tar rasu, na ce shi ke nan, na sake. Kwana huɗu ban runtsa ba, ina bin abin da niy yi ɗaya-ɗaya. Har na hwara jin abin nan da yat taɓa kama ni yana dawowa. Sai kiz zo kic ce rijiya ta. Wallahi ɗiyata, ran nan niy yi barci. Na ce Allah na gode maka, wagga dai ba hannuna ba ne. Na yi musu iya yina, ko sau ɗaya ban bari wutar tam mutu ba."

Ta share ido da gefen zane, ta dube ni. "Mi kike son hwaɗi?"

Na buɗe baki. Ina jin tarin Malam daga zaure. Na ce, "Ba komi, Inna. Cewa za ni yi a riƙa sa mai dabino cikin kunun."

Ku yi mini hukuncin da kuka ga dama. Na auna uwa da uba a rana ɗaya, na ga wanda zai iya ɗauka, na bar masa kayan da ba nasa ba. Sauran kwana goma sha taran nan na ɗauki hutu na tare a Argungu, ina kallonsa yana jan jiki zuwa masallaci yana dafa bango. Bai sake komawa yadda yake ba, daga wannan shekarar ya daina karatun hantsi, ƙafarsa ta hagu ta riƙa ja. Ni ma na yi nawa azumin daga baya ban gaya wa kowa ba, don in akwai wanda ya hau kansa to ni ce. Kuma duk gidan jegon da na shiga tun daga lokacin sai na ce a tafasa ruwan jariri sau ɗaya a sauke, a zubar da na jiya. Mata suna cewa Hajiya Kulu ta cika iyayi, ba su san dalili ba.

Ranar da ya cika azumi sittin muka taru a tsakar gida kafin magariba. An kawo ki, Husaina, kin yi ɓulɓul, Malam ya sa aka ɗora masa ke a cinya. Da aka kira salla Inna ta miƙo kofi, ya ce a'a, Hauwa'u ta ba shi. Na durƙusa na miƙa masa da hannu biyu.

"Wanga kin auna shi?" ya ce, har da ɗan murmushi.

"Na auna, Baba."

Ya yi bisimilla ya sha, ya daɗe yana riƙe da kofin. Sannan ya ɗora hannunsa a kaina a gaban kowa.

"Ku ji, ku shaida. Cikin ɗiyana babu wanda nike alfahari da shi awa wagga. Ta san abin da rijiyag ga take gare ni, ta san mutane za su zage ta, amma tad dube ni tah hwaɗa mini gaskiya. Allah shi yi miki albarka, Hauwa'u. Allah shi ba ki ɗiyan da za su hwaɗa miki gaskiya awa yadda kih hwaɗa mini."

Kowa ya ce amin. Inna ta fi kowa ɗaga murya. Ni ma na ce amin, kaina a ƙasa, hannunsa yana kaina.